Tsohuwa ta ƙi shan ruwa a wannan zafin, ni kuma bayana ya soma gazawa

Maman_Hanifa_Garwa
Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu tsofaffi a gida ku taimake ni da shawara. Mahaifiyar maigidana tana hannuna a nan Garwa, arewacin Kamaru, Dada muke ce mata. Ta haura shekara 80, tana da hawan jini, gwiwoyi kuma sun ƙi. Tun da zafin nan ya kama ta rage shan ruwa. In na kawo moɗa sai ta kurɓa sau ɗaya ta ture, wai ba ta jin ƙishi. Da na matsa mata ne ta faɗa mini gaskiya: fita bayi take gudu, musamman da dare, don tsuguno yana ba ta wuya, kuma ta taɓa zamewa a bakin masai. Jiya da la'asar ta yi ta kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu tun tuni, sai bayan magariba ta dawo daidai. Maganin hawan jinin ma ba ta yarda ta sha sai ranar da kanta ke sarawa. Ga wanka, ga ɗagawa, ga wanki, ga yara. Ƙugu na ya riƙe, in na sunkuya da ƙyar nake miƙewa. Ku da kuka riga ni, yaya kuke yi?

Hamma_Sali
Wa alaikumus salam. Allah ya saka miki da alheri, ya ba Dada lafiya. Ki ci gaba da haƙuri, lada kike tarawa.

NasBinta_Domayo
Maman Hanifa sannu da ƙoƙari. Ina aikin jinya a Marwa, kuma duk watan Maris da Afrilu irin wannan muke gani. Jikin tsoho ba ya sanar da shi ƙishi kamar na yaro. Ruwa zai ƙare masa a jiki yana ce miki lafiya lau. A Garwa kuwa, inda zafi ke wuce digiri 40 a wannan lokaci, ba abin wasa ba ne. Wannan kiran sunan mamaciya da ta yi na iya zama ƙarancin ruwa, na iya zama ciwon mafitsara, wanda a tsofaffi sau da yawa da ruɗewa yake fara nuna kansa ba da zazzaɓi ba. A kai ta a duba fitsarinta da jininta, kada a jira.

A gida kuma, ki daina kawo mata babbar moɗa, ganinta kawai yana sa ta karaya. Ƙaramin kofin shayi, kaɗan-kaɗan, ki haɗa shi da abin da ta saba: bayan kowace salla kofi ɗaya, da magani kofi ɗaya, da abinci kofi ɗaya. Yawancin ruwan ta sha shi daga asuba zuwa la'asar, a rage bayan magariba, sai fitan dare ya ragu. Kunu mai ruwa-ruwa, kankana, nono, romo, duk ruwa ne. Ki riƙa duba launin fitsarinta: in ya yi ja ya yi kaɗan, ruwa bai isa ba. Sai dai in likita ya taɓa ce mata tana da ciwon zuciya ko na ƙoda, to shi zai faɗi adadin da za ta sha.

Maganin hawan jini kullum ne, ko kai na ciwo ko ba ya ciwo. Ki kai kwalin maganin a duba miki, domin akwai irin da ke sa yawan fitsari, wannan da safe ake sha. Mun sha ganin ana ba tsoho shi da dare, sannan a yi ta mamakin yadda ba ya barci.

DanKusiri
Matsalar tsugunon Babanmu mun magance ta da kujerar roba. Irin mai hannu ɗin nan ta gidan biki, amma mai kauri, ba wadda rana ta cinye ba. Na zana da'ira a mazaunin, na yanke da wuƙa mai zafi, na goge bakin da sanfefa don kada ya yanke shi. Da rana a ɗora ta kan ramin masai, da dare a kawo ta ɗaki a sa bokiti a ƙarƙashi da ɗan toka a ciki saboda wari. Na kuma sa mai walda ya kafa bututun ƙarfe a bangon bayin, daidai inda hannun Baba ke kaiwa. Sai tocila mai caji a gefen matashinsa, tunda wuta ba tabbas. Silifas ɗin da ya suɗe a jefar.

Adda_Rabi
Kujerar nan gaskiya ce, mu ma ita muke amfani da ita a Gidar. Amma a sa kafinta ya yi ta katako ya fi. Ta roba in mutum mai jiki ne ƙafafunta suna buɗewa.

Goggo_Mai_Tasbaha
Jikata ce ke rubuta mini, ni nake faɗa. Na kusa sa'ar wannan baiwar Allah, don haka ku saurara. Kuna ta maganar bokiti a ɗaki, ba wanda ya tambaya wa zai fitar da shi da safe. Matar ɗana? Wallahi gara in kwana da ƙishi. Ku yaran yanzu ba ku san nauyin surukuta ba. Ba taurin kai ke hana ta shan ruwa ba, kunya ce. A nemo 'yarta ta cikinta ko jika mace ta riƙa kwana da ita. In babu, a bar ta ta rufe bokitin da kanta, a fitar lokacin da ba ta kallo, kuma kada a taɓa yin zancensa gaban mutane.

Sannan ku daina yi mana komai. Abin da hannuna ke iya yi a bar mini. Ni nake tsince shinkafa, ni nake gyaran ganyen tafasa, ni nake ɓarar gyaɗa. Ranar da aka karɓe wannan aka zaunar da ni ana ce mini sannu, ranar ƙafa za ta mutu. Wanka ma a ajiye mini kujera da ruwa, a cuɗa mini baya kawai a fita.

Maman_Hanifa_Garwa
Goggo, Allah ya ƙara girma. Kamar kina gidanmu. Ko wankan ma sai ta ce in juya baya, zani kuma ba ta sakinsa.

Alhaji_Mai_Goro
Ni dai nawa gani, magungunan nasara ɗin nan su ke ƙara kashe jiki. Tsohuwarmu folere, wato zoɓo, take sha ba sukari, da tafarnuwa da safe, ta yar da ƙwayoyin tun bara kuma ga ta garau.

NasBinta_Domayo
Alhaji, da girmamawa, yaushe rabon da a auna ta? Hawan jini ba ya sallama. Mutum na tafiyarsa garau sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Zoɓo ba laifi, yana ɗan saukar da jini, amma ba ya tsayawa a madadin magani. A auna ta tana zaune ta huta, a ranaku daban-daban. In yana kaiwa 140 bisa 90 ko fiye, a koma wurin likita.

Abin da ya fi zoɓo amfani shi ne a duba tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi, duka da na cikin miya. Dunƙulen Maggi kusan rabinsa gishiri ne. Kanwar da muke jefawa a miyar kuka da kuɓewa da wake ita ma sinadarin da ke cikin gishiri ne a cikinta. Ga busasshen kifi mai gishiri, ga kilishi. Ki ɗebi miyar tsohuwa kafin ki zuba waɗannan, ki ƙara mata daddawa da albasa da citta.

Maman_Walid
Hmm, Nas Binta, faɗa da sauƙi. Na gwada raba miya, tsohon ya ɗanɗana ya ture kwanon ya ce an mai da shi maraya a gidansa. Yanzu duk gidan na rage wa gishiri a hankali, ba wanda ya lura.

Abakar_Injamena
Tunda an zo maganar magani bari in sa baki daga wannan tsallaken. A nan Chadi masu tallan magani a kan titi muna kiransu dokta shuku, na san ku ma kuna da irinsu a kowace kasuwa. Tsofaffi su ne manyan masu sayensu saboda ciwon gwiwa. Kawuna kullum sai ya aiki yaro a sayo masa diklofenak, wani lokaci ya haɗa da ibuprofen, cikinsa ba komai. Ƙarshenta bayan gidansa ya koma baƙi, aka ce gyambon ciki ne ke zubar da jini, ƙodar ma ta taɓu. Maman Hanifa, ki ɗaga katifar Dada da ƙullin bakin zaninta ki gani. Mai ciwon gwiwa da wuya a rasa ƙwaya a ɓoye. Likita ya ce mana irin waɗannan suna tayar da hawan jini, kuma sun fi illa ga ƙoda in jiki ba ruwa.

DanKusiri
Gaskiya ne Abakar. Kuma kada a dogara da cewa gwamnati ta sauƙaƙa. Tsarin kiwon lafiya na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Kamaru a 2023 ya sauko da kuɗin wankin ƙoda zuwa jaka 15 ta sefa a shekara, amma ya fi karkata ga yara ƙanana da mata masu ciki. Ƙwayar hawan jinin tsoho daga aljihunka take fita kowane wata. Kuma wanda ya ga yadda wankin ƙoda ke wahalar da mutum ba zai so ya kai uwarsa can ba ko kyauta ne.

Ummu_Sudais
Kowa na maganar Dada, ba wanda ya amsa rabin tambayar. Baiwar Allah ta ce bayanta ya riƙe. Ina 'ya'yan tsohuwar? Ina shi maigidan? Hamma Sali ya ce a yi haƙuri ana tara lada, to ladan nan me ya sa kullum mace ɗaya ake bar wa shi?

Hamma_Sali
Ikon Allah. Addu'a kawai na yi, Hajiya.

Bappa_Duwala
Ummu Sudais a yi mana adalci. Ni ina Duwala ina nema, mahaifiyata na Ngaundere wurin ƙanena. Duk ƙarshen wata sai na tura ta Orange Money, magani da abinci duk ni ne. In na bar aiki na dawo na zauna kusa da ita, wa zai biya? Kowa da irin tasa hidimar.

Ummu_Sudais
Bappa, ba a raina ba, Allah ya ƙara buɗi. Amma kuɗi ba ya tashi ƙarfe 2 na dare ya canja zanin gado. A cikin abin da kake turawa ka taɓa ware wani abu ka ce wannan na matar ƙanena ne, ko a ɗauki mai wanki? Ka taɓa kiranta ita kanta ka tambayi lafiyarta? In ka zo hutu ka karɓe ta na 'yan kwanaki ta je gidansu ta yi barci, sannan ka dawo mu yi magana.

Malam_Yelwa
A sassauta. Abin da na sani a wurin malamanmu shi ne, hidimar iyaye tana kan 'ya'yansu, maza da mata. Matar ɗa in ta yi, kyautatawa ce da za a gode mata, ba bashi ne ake bin ta ba. Ɗa namiji ya ɗaga mahaifiyarsa, ya wanke mata ƙafa, ya fitar da bokitin nan da Goggo ta ambata, ba abin da ya rage masa.

Akwai kuma wani dalilin ƙin ruwa da ba a faɗa ba. Da yawa cikin tsofaffinmu tsoron karyewar alwala ne. Sai mutum ya riƙe alwalar azahar har isha'i don tashi yana masa wuya. A sanar da su sauƙin da addini ya yi: wanda tsayuwa ta gagara ya yi salla a zaune, wanda taɓa ruwa zai cutar ya yi taimama. Wanda fitsari ke ɗigo masa mafi yawan lokaci, a Malikiyya wannan ɗigon ba ya karya alwala, an dai so ya sabunta. Azumi ma tsohon da ba zai iya ba ya sha, an so a ciyar da mudun Annabi ɗaya a madadin kowace rana. 'Yan shekarun da azumi ya faɗo a tsakiyar zafi, mun ga tsofaffin da suka nace har aka kwashe su ranga-ranga. In ke kika faɗa ba za ta ji ba, ki sa limamin unguwa ko wani dattijo da take jin nauyinsa ya faɗa mata.

Bappa_Duwala
Na ji, Malam. Amma wasu iyayen su da kansu ba sa yarda ɗa namiji ya taɓa su.

Inna_Kaltume
Maman Hanifa, zo mu yi maganar bayanki, ni na yi jinyar miji har Allah ya karɓi abinsa. Daina ɗaga ta daga tabarma. Tashi daga ƙasa shi ke karya mai jinya. A sa mata gado ko katifa a kan benci, tsayin da in ta zauna tafin ƙafarta zai taɓa ƙasa. In za ta tashi, ta fara juyawa gefe, ta sauko da ƙafafu, ta zauna ta ɗan jima don jiri, sannan ki tsaya gabanta ki buɗe ƙafafunki, ki lanƙwasa gwiwa ba ƙugu ba. Ki ɗaura mata zani mai ƙarfi a ƙugu ki riƙe nan. Kada ki ja ta da hannu ko hammata, kuma kada ta rataya a wuyanki. Ku ƙirga tare, ita ta tura da ƙafarta, ke ki tallafa.

Ruwan wanka yara su ɗebo. Wanki ki yi shi a kan tebur ko ki zauna a kujera 'yar tsuguno. In ta kwanta da azahar ke ma ki kwanta, kwanuka ba za su gudu ba. Kuma ki ci abinci kafin ki ba ta, don in kika ce sai ta gama, shayi kawai za ki sha har la'asar. In ciwon ya fara sauka ƙafa ko kina jin dindiris, ke ma asibiti.

Maman_Walid
Inna, namu ya daina tashi gaba ɗaya, ga wani ja da ya fito masa a ƙasan baya. Man zafi zan shafa?

Inna_Kaltume
A'a, kada ki shafa man zafi, kada ki murza wurin. Gyambon kwanciya ne ke sallama. Ki riƙa juya shi kamar duk awa 2, dama, baya, hagu, ki sa matashi tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya tashi daga katifa. Zanin gado ya zama a bushe ba tattara, ledar kuma a ƙarƙashin zani, kada ta taɓa fata. Man kaɗanya a sauran jiki ya isa. In wurin ya fashe a nuna wa ma'aikacin lafiya da wuri, yana zurfi ta ciki kafin ki gani a waje.

Saliu_Mokolo
Ni abin da ya tsaya mini shi ne kiran sunan wadda ta rasu. A wajenmu da an ji haka sai a ce iska ne, wasu ma su fara raɗe-raɗin maita, tsohuwa ta zama abin gudu a unguwa. Kakata ta yi gigin tsufa, tana fita da rana tsaka wai za ta gidan ubanta. Abin da muka koya shi ne kada a yi musu da ita. In ta ce ina wance, sai mu ce ba mu labarinta, sai ta yi ta hira har ta manta da fitar.

NasBinta_Domayo
Saliu, haka ne, amma a bambance. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, wata da watanni. Ruɗewar da ta zo rana ɗaya ta tafi, kamar ta Dada, alamar wani ciwo ne a jiki da ake iya magancewa: rashin ruwa, ciwon mafitsara, zazzaɓin cizon sauro, ko sukari ya faɗi ga mai shan maganin sukari. In kuma baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, a nemi mota nan take, kada a tsaya ɗura mata ruwa ko rubutu, tana iya shaƙewa.

Maman_Hanifa_Garwa
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun je an auna, jinin 170 bisa 100, kuma an samu ciwon mafitsara an ba ta magani. Abakar, na duba, ƙwayoyi na nan ƙulle a leda cikin kwallarta ta goro, jikanta take aika. Na nuna wa maigida abin da Malam ya rubuta, bai ce komai ba, amma da safe shi ya kai wa kafinta aikin kujera. Ƙaramin kofi yana aiki in na zauna muka sha tare. Kujera a ɗaki dai ta ce atafau ba za ta yi ba tana da rai. 'Yarta tana aure a Yagwa, ta ce sai bayan salla za ta samu zuwa.

Goggo_Mai_Tasbaha
Kada ku tilasta mata. A ajiye kujerar a bayi tukuna ta saba da ita. Babbar 'yarki shekararta nawa? In ta kai 12 ta koma ɗakin kakarta da kwana.

Ummu_Sudais
Yarinya mai zuwa makaranta da safe za a ɗora wa tashin dare, Goggo? Daga uwa an koma kan 'ya ke nan. Su 'ya'yan su haɗa kuɗi a ɗauki dattijuwa mai kwana.

Adda_Rabi
Baƙuwa kuma ai ba lallai ta yarda da ita ba. Mu sai da muka canja har muka dace da wata bazawara 'yar unguwarsu ta da, da suka san juna tun suna 'yan mata.

Alhaji_Mai_Goro
Nas Binta, na'urar awon jinin nan ta hannu, ana samunta a farmasi a Marwa ko sai an aika Kusiri? Kuma ta damtse ko ta wuyan hannu?

NasBinta_Domayo
Ana samu a manyan farmasi, Alhaji. Ka sayi ta damtse, ta fi ta wuyan hannu daidai. Ka duba girman maɗaurin ya dace da hannunta, ka kai ta asibiti a gwada da tasu kafin ka dogara da ita. Ka riƙa rubuta abin da ta nuna da kwanan wata a littafi, ka tafi da shi ranar ganin likita.